Ku Tambaya Mu Amsa: Agogon Miliyoyi a Zauren Gwanjo

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, wato agogon hannu masu tsadar nan da ake gwanjonsu a ƙasashen waje, sai na ce bari in haɗa su wuri guda. Wata hajiya ma ta turo tana dariya wai ita gwanjon da ta sani shi ne dilar kaya da ake kwancewa a kasuwa kowa na tona. Hajiya kin yi gaskiya sunan ya koma can, amma asalinsa cinikin "wa zai ƙara" ne, kuma shi muke nufi yau. Saƙonnin na bar su yadda aka turo su.

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah inada tambaya. Wani abokina dake zuwa Dubai yace in sayi wani agogo limitad, wai guda dubu biyu kawai akayi a duniya, in ajiye shekara biyu in kai gwanjo kudin zai ninka. Kudin wani fili ne dana saida kuma wlh zuciyata rawa take. Da gaske limitad baya faduwa? Daga wani dan kasuwa, Kano.

AMSA: Alhaji tunda zuciyarka na rawa to ka tsaya tukuna, ba a shiga harkar nan da kuɗin da in sun narke barci zai gagare ka. Kalmar limitad ɗin nan da ke ruɗar mutane kamfani ne fa yake zama ya rubuta ta, shi ya yanke adadin, shi ya buga lamba a bayan agogon, gobe in ya ga dama ya fito da wani mai kama da shi ya sauya launin fuska kawai ya ce ga sabon limitad. A 2019 da aka cika shekara 50 da saukar Amurkawa a duniyar wata, kamfanin Omega ya yi agogonsa samfurin Speedmaster na tunawa, na ƙarfe guda 6,969. Kusan dubu bakwai fa, ai wannan ka raba wa unguwa guda har ya yi saura.

Abin da manyan masu tara agogo ke zuba wa kuɗi sau da yawa ba a taɓa rubuta masa limitad ba, ƙarancinsa da kansa ya zo. Kamfanin agogo na Patek Philippe sun fara wani samfuri mai lamba 1518 a 1941, gaba ɗaya guda 281 aka yi, kusan duk na zinari ne, na ƙarfe guda huɗu kacal aka sani a duniya. A Nuwamban 2016 gidan gwanjon Phillips ya sayar da ɗaya daga cikin huɗun a Janiba kan faran na Siwizalan miliyan 11, alhali na zinari ruwan ɗorawa bai kama ƙafarsa ba. Ka ga a wurin maƙeri zinari ne sarki, a zauren gwanjo kuwa ƙarfe ya taka shi saboda huɗu ne.

Ban ce babu limitad da ya yi tashin gwauron zabi ba. A Disamban 2021 Patek ta yi samfurinta Nautilus mai fuska shuɗiya irin launin kantin kayan ado na Tiffany, guda 170, kuɗinsa a shago dala dubu 52 da 'yan kai, na farkon da aka yi gwanjonsa a Niyok ya kai dala miliyan 6.5. To amma wa aka sayar wa sauran a farashin shago? Tsofaffin kwastomomi ne da taurari, ba ni da kai da muka shigo yau ba. Kuma waɗanda suka biyo baya a gwanjo wajen rabin kuɗin nan suka tsaya, daga baya ma ƙasa da haka. Kasuwar gaba ɗaya ta kai ƙololuwa a farkon 2022, lokacin da kuɗi ke yawo bayan korona, 'yan kirifto na saye ba tayi, sai bankunan ƙasashen waje suka ƙara kuɗin ruwa kirifto ya faɗi, farashin manyan samfura irin su Nautilus da Daytona da Royal Oak suka yi ta gangarowa, waɗanda suka saya a sama da yawansu asara suka kwasa. In limitad yana zaune a shago yana jiranka har ana kiran abokinka a waya ya kawo mai saye, to kasuwa ta riga ta gaya maka ra'ayinta a kansa. Sannan ka tambayi abokin naka a hankali ko yana da la'ada a ciki.

TAMBAYA: Malam ni abin ma haushi yake bani. Agogo dai agogo ne, ance Casio dina na roba ma yafi su rike lokaci. Taya mai hankali zai bada dala miliyan 17 akan agogo daya? Daga dalibi, Zariya.

AMSA: Ƙanena wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Agogon batir a wata guda daƙiƙa kaɗan yake kuskurewa, shi kuwa mai wani, wato wanda ake murɗawa ba batir, ko wanda aka ba takardar shaidar inganci a Siwizalan an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana ɗaya. Tun da Seiko ta fito da Astron mai batir a Disamban 1969 maganar riƙe lokaci ta ƙare, har masana'antar Siwizalan ta kusa durƙushewa. Saboda haka ba lokaci ake saye ba. Ka ɗauka takobin da wani sarki ya fita yaƙi da shi ne, maƙerin yau zai ƙera maka wanda ya fi shi kaifi, amma ba za ka haɗa kuɗinsu ba.

Wanda kake magana Rolex Daytona ne na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman, matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi lokacin da ya tsunduma tseren mota, ta sa aka zana a bayansa cewa ya yi tuƙi a hankali. A 1984 ya cire ya ba saurayin 'yarsa kyauta, haka kawai, agogon ya ɓace daga idon duniya shekaru fiye da talatin masu tara agogo na ta neman inda yake, sai ga shi a Phillips a Niyok a Oktoban 2017, dala miliyan 17.75. Irinsa sak wanda ba na Newman ba, dubban ɗaruruwa yake, ba miliyoyi goma sha ba. Ragowar duk kuɗin labari ne.

Mu ma a nahiyarmu akwai. Rolex na zinari da Anwar Sadat ya ba Gamal Abdel Nasser na Masar a 1963, da sunan Sadat da Larabci a baya, Sotheby's ta yi masa ƙiyasin dala dubu 30 zuwa 60, a Disamban 2024 ya tafi a dala dubu 840. Patek na Sarkin Habasha Haile Selassie kuma rigima aka sha, an sa shi a gwanjon Christie's a 2015 iyalinsa suka tayar da ƙura aka janye, sai a Mayun 2017 aka sayar wajen faran miliyan 2.9. Wanda ya kere su duka shi ne Patek Grandmaster Chime na ƙarfe, guda ɗaya tak aka yi, faran miliyan 31 a Nuwamban 2019 a gwanjon Only Watch, wanda kuɗinsa ke tafiya binciken wata cutar shanyewar tsoka da ke kama yara maza. In ka tambaye ni kuwa, ban da son aikin hannu akwai nuna isa a ciki, attajirai biyu ne suka kafe kowa ya ƙi sauke hannu, kuma mu ma mun san irin wannan a cinikin ragon layya da doki, sifilin ne dai ya fi yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Inaso in sayawa maigida agogo mai kyau na tarihi, naga ana gwanjo ta intanet, daga nan gida zan iya shiga? Kuma kudin da aka buga guduma shikenan zan biya ko da wani abu? Daga wata hajiya, Abuja.

AMSA: Hajiya Allah ya bar ƙauna. Za ki iya daga falonki. Manyan gidajen su ne Phillips, Christie's, Sotheby's, sai Antiquorum da Bonhams, kuma kakar gwanjo a Janiba Mayu ne da Nuwamba, a Niyok Yuni da Disamba, Hong Kong ma sau biyu a shekara, ban da ƙananan da ake yi ta intanet zalla, waɗannan su na fi so ki fara leƙawa don a nan ake samun na 'yan dubban daloli. Rajista ake yi kwanaki kafin ranar, za su nemi fasfo da shaidar adireshi, wani lokaci takardar banki ko kafin alƙalami in kayan mai nauyi ne. Tayi kuma iri huɗu ne, ko kina zaure kina ɗaga allon lambarki, ko ta waya ma'aikacinsu na ɗaga miki, ko ta intanet, ko ki rubuta musu iyakarki tun kafin ranar su taya a madadinki.

Kowane agogo za ki ga an sa masa ƙiyasi, daga kaza zuwa kaza, wannan ba farashi ba ne, sau da yawa ma da gangan ake sa shi ƙasa don a jawo mutane. A ƙarƙashinsa akwai wani kuɗi na sirri da mai kaya ya ce in ba a kai shi ba albarka, ba zai sallama ba.

Yanzu ga inda ake kuka. Kuɗin guduma ba shi ne ƙarshe ba, gidan gwanjo na ɗora la'adarsa a kan mai saye, a manyan gidajen a 2025 wajen kashi 26 ko 27 cikin 100 ne a matakin farko, sai in kuɗin sun haura sosai take raguwa. Na Newman ɗin can a miliyan 15.5 aka buga guduma, la'ada ce ta kai shi 17.75. Misali kin ci agogo a dala 10,000, da la'adar kashi 27 ya zama 12,700, ga kuɗin aikowa ga inshora ga kwastan in ya iso, in kuma a Janiba kika karɓa da hannu akwai harajin kashi 8.1 sai dai in an bi hanyar fitar da shi waje. A ce kuma gobe kin fasa kin mayar an sake buga shi a 10,000 ɗin, su cire tasu la'adar ta mai sayarwa, a ce kashi 10, 9,000 za ki karɓa. Kin ga 3,700 sun tafi agogon bai ko motsa ba. Ga canjin naira da ke iya sauyawa tsakanin ranar tayi da ranar biya.

Ki nemi rahoton yanayin agogon da ƙarin hotuna kafin ranar, kyauta suke bayarwa, domin yadda yake haka ake sayar da shi, in guduma ta faɗi ciniki ya ƙullu ba a cewa na tuba. In madaurin fatar kada ne kar ki yi mamaki in ya iso ba madauri, dokar kare namun daji ta duniya ce ta sa suke cirewa. Sai abu na ƙarshe, ki rubuta iyakarki a takarda da la'adar a ciki ki ajiye gaban kwamfutar, don in aka fara "wa zai ƙara" wallahi hankali gushewa yake.

TAMBAYA: Malam babanmu ya rasu ya bar Rolex daya siya a Jidda tun wajen 1975, duk ya kode fuskar ta koma kamar ruwan shayi ga karce ko ina. Inaso in kai a goge shi a canza fuska da gilashi yayi kyau kafin in nemi masu gwanjo. Ina zan kai? Daga Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Da farko dai agogon nan gado ne, duk magada na da haƙƙi a ciki, ka sanar da su kafin ka yi komai. Na biyu, don girman Allah kar ka kai shi ko ina a goge. Wannan ne kuskuren da ya fi kowane cin kuɗi a harkar nan. Goge agogo na nufin a kankare ƙarfen jikinsa, gefunan da kamfani ya yanke da kaifi su zama sumul, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa, masu saye da madubin ido suke duba wannan. Fuskar da ka ce ta koma ruwan shayi kuwa, in baƙa ce rana da shekaru suka mayar da ita haka bai ɗaya, akwai masu biyan ƙari a kanta musamman. Ka cire ta ka sa sabuwa, ko da ta Rolex ce ta gaske, ka zubar da babban kaso na darajar. Ko kamfanin da kansa ka kai wa sabis sai ka ja kunne, don su burinsu agogo ya koma sabo, sai su sauya fuska da hannaye.

Ni ma na taɓa ƙonewa, wani tsohon agogo mai wani na kai wa mai gyara ya wanke min inji, ya dawo yana ƙyalli ina ta godiya, sai bayan shekara wani da ya san abin ya duba ya ce ai hannayen da kan wanin ba nasa ba ne. Ba lallai mugunta ba ce, shi a ganinsa gyara ya yi.

Ga abin yi. Kar ka sa shi a ruwa, kar ka tilasta masa wani in ya ƙi. A tsofaffin Rolex lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun da ke riƙe madauri ta wajen ƙarfe 12, lambar agogon kanta ta wajen ƙarfe 6, sai an cire madaurin ake gani. Ka ɗauki hotuna a hasken rana, gaba da baya da gefe, ka tura wa gidajen gwanjo biyu ko uku ta shafinsu, ƙiyasi kyauta ne. Ka binciki akwatin baba ko akwai kwali da takardar garanti da rasit, har tsohon hotonsa sanye da agogon yana da amfani. Ka kuma duba fuskar ko akwai wani tambari, domin sarakunan Larabawa sun yi ta rabon Rolex kyauta a shekarun nan, na Sultan Qaboos na Oman masu tambarin wuƙar hanjar da takubba biyu ana rububinsu sosai.

Ka shirya ranka kuma, zai iya fitowa jabu ko haɗe-haɗe, kuma wannan ba abin kunya ba ne don manya ma an yi musu. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a Phillips a Janiba kan faran miliyan 3.1, ninki fiye da 25 na ƙiyasinsa, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 sai ta fito cewa an harhaɗa shi ne da sassan agogo daban-daban, Omega ta ce da hannun tsofaffin ma'aikatanta uku. Kamfanin da ya ƙera abu ya sayi haɗe-haɗen abinsa, to ina ga ni da kai.

TAMBAYA: Malam shin gwanjon nan ya halatta kuwa? Naji ance haramun ne mutum yayi ciniki akan cinikin dan uwansa. Kuma namiji zai iya daura na zinari in fari ne? Daga Damagaram.

AMSA: Malam ni ba mufti ba ne, ga dai abin da na karanta, sauran ka kai wa malaminka. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin "wa zai ƙara", domin hanin da ka ji yana kan lokacin da mai kaya da mai saye suka riga suka daidaita ne wani ya shigo ya ɓata, a gwanjo kuwa ba a daidaita ba sai an sallama. Abin da aka hana ƙarara shi ne najashi, mutum ya ƙara kuɗi ba don zai saya ba sai don ya ingiza wani, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Kuma ka sani a gidajen Turawan nan mai guduma yana da damar ya riƙa kiran tayi a madadin mai kaya har a kai kuɗin sirrin can, yana nuna bango kamar da mutum, a dokarsu ba laifi ba ne kuma a rubuce yake a sharuɗɗansu, wannan shi ya kamata ka tambayi malam a kai.

Zinari kuwa haramcinsa ga maza sananne ne, kuma farin zinari zinari ne, karat 18 kashi 75 cikin 100 ne, garwaya shi aka yi da wasu ƙarafa launin ya sauya. Abin daɗin shi ne yawancin waɗanda suka kafa tarihi a sama na ƙarfe ne. In kuma don kasuwanci kake tarawa to kayan fatauci ne, zakka na hawa kansu.

TAMBAYA: Rado din da kakana ya kawo daga Makka fa, zai kai miliyan nawa a Janiba? Daga Jos.

AMSA: Ɗana kar ka sayi tikiti. Rado DiaStar agogo ne mai kyau, tun 1962 aka fito da shi a matsayin wanda ba ya karcewa, shi ya sa na kakanka har yau yake sheƙi, amma an yi su da yawan gaske, su da Seiko 5 alhazai sun yi ta kawo su tsaraba, manyan gidajen gwanjo ba su cika karɓarsu ba. Ka kai a wanke injin a zuba mai, ka tsaya a kan mai gyaran har ya gama kar ya canza komai, ka ɗaura abinka ranar Juma'a.